Yaro ya yi kisa: wa zai ɗauki jinin?

A ce yau bayan magariba, a wani lungu na Mabera ko Gidan Igwai a cikin garin Sakkwato, yaro ya tare ɗan kabu-kabu zai ƙwace masa waya. Aka yi kokawa, yaron ya zaro wuƙa ya soka, mutumin ya cika kafin a kai shi asibiti. Ya bar mata da 'ya'ya uku da babur ɗin da bai gama biya ba. Aka kama yaron, ko gashin baki bai fara fito masa ba. Kafin a yi sadakar uku gari ya rabu biyu. A wurin zaman makoki abin da za ka ji shi ne: "A kashe shi kawai, wanda ya iya riƙe wuƙa ai ya wuce yaro." A rediyo da Facebook kuma lauyoyi da 'yan ƙungiyoyi suna cewa yaro ne, doka ta hana a taɓa shi.

Duka ɓangarorin biyu a kan wuyan yaron suke jayayya. Ni kuwa a ganina wuyan nan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi a cikin maganar, domin dokokinmu sun daɗe da yanke hukunci a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo baya: wa ya san shekarun yaron, ina za a ajiye shi, har zuwa yaushe, kuma matar da aka bari da marayu uku me za ta riƙa.

A Sakkwato ba doka ɗaya ce ke kallon wannan yaro ba. Akwai kundin laifuffuka na Final Kod, wanda Arewa ta fara aiki da asalinsa a 1960. Sashe na 50 na asalin kundin ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, haka ma na wanda ke tsakanin 7 da 12 in hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar ba. Tsohuwar dokar bin bahasin laifi da ta zo tare da shi ta hana a yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 17 ba lokacin da ya yi laifin. A maimakon haka sai a tsare shi har lokacin da gwamna ya ga dama. Sannan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, wadda ta haramta kisa da ɗaurin rai-da-rai marar ƙofar fita ga duk wanda bai cika 18 ba. Daga nan aka samu Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003. Ta ce ba a kashe yaro, ba a yi masa bulala, ba a kai shi kurkukun manya, amma ta bar wa alƙali damar tsare shi na wani wa'adi in laifin babba ne irin kisa ko fashi. Wannan doka ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba, sai kowace ta yi tata. Sakkwato ta yi jinkiri har 2021, lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta jiha. A gefe guda kuma akwai kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci da jihar ta kafa zamanin Attahiru Bafarawa, bayan Zamfara ta buɗe hanya a 2000, wanda ma'auninsa shi ne taklifi, wato balaga da hankali.

Yawancin masu cewa a kashe yaron suna ganin addini suke kare wa, kuma sassauci ga yaro wani abu ne da Turawa suka kawo. A nan ne na fi so mu tsaya, don duk wanda ya zauna a zauren malami a garin Shehu ya san ba haka littattafan suka ce ba.

Hadisin sananne ne: an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ce abin da aka haɗu a kai a wurinsu shi ne babu ƙisasi tsakanin yara, kuma gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi muddin bai balaga ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da kusan kowane ɗalibin zaure ya bi ta kansa, ta maimaita haka: gangancin yaro kamar kuskure ne, diyya tana kan aƙilarsa in ta kai sulusin cikakkiyar diyya ko fiye, in ba ta kai ba sai a cire daga dukiyarsa. Aƙila su ne mazan danginsa na wajen uba, waɗanda za su karkasa kuɗin a tsakaninsu su biya cikin shekara uku.

A lura da abin da wannan hukunci ya yi. Ya ɗauke takobi daga wuyan yaron, amma bai bar jinin ya zube a banza ba. Ya mayar da bashin kan manyan da ke kewaye da shi: baffanninsa, yayyensa, 'ya'yan baffanninsa. Su ne suka gan shi yana kwana a waje, su ne suka ji warin sholisho a jikinsa suka kau da kai. Ranar da ya zubar da jini, aljihunsu ne zai ji. Malaman da suka tsara wannan ba tausayi kawai suke yi ba, sun san yadda dangi ke riƙe ɗansu in sun san ɓarnarsa a kansu za ta faɗo. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, in ji Hausawa, kuma fiƙihu ya mayar da wannan magana doka.

Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da suka fi wannan dacewa da halin da muke ciki. Malik ya ce in babba da yaro suka haɗu suka kashe mutum da gangan, babban a kashe shi, ɓangaren yaron kuma rabin diyya. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara da cewa uba ko malamin da ya umarci ƙaramin yaro ya yi kisa, shi ake yi wa ƙisasi, ko da hannunsa bai taɓa makamin ba. Wato yaron a nan kamar wuƙar da ke hannun babban ne. Duk wanda ya san yadda ake tara matasa lokacin siyasa, a saya musu ƙwaya a raba musu adduna, zai gane inda wannan hukunci ya dosa. Haka mai shagon da ke sayen wayar sata a rabin kuɗi ba tare da tambayar inda aka samo ta ba, da mai sayar da tramol a bayan kanti. Ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shari'unmu na yau, da wuya ka ga an biyo sawu har wurin waɗannan. Yaron da aka kama da jini a riga shi kaɗai ke tsayawa a gaban alƙali.

To, amma kada a ce na ɓoye inda aka saɓa. Fiƙihu da dokar zamani sun yi tarayya a kan ɗan shekara 10 ko 12. Sun rabu a kan ɗan 15 ko 16 da ya riga ya balaga. A mazhabar Malikiyya balaga tana tabbata da alamomi, irin mafarki da haila da tsirowar gashin mara, in kuma babu ko ɗaya sai a jira cikar shekara 18, bisa mashahurin zance. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15. Saboda haka saurayi ɗan 16 da alamomin suka bayyana a jikinsa mukallafi ne, in ya yi kisan ganganci waliyyan mamaci suna da haƙƙin neman ƙisasi. A idon dokar 2003 kuwa yaro ne har sai ya cika 18. Duk hayaniyar da ake yi a kan shekara uku zuwa huɗu ɗin nan ce, kuma abin takaici, mafi yawan masu ƙwacen waya da sare-saren unguwa a cikin wannan zango suke.

Shin akwai gada tsakanin biyun? Ina ganin akwai, ko da ba mai faɗi ba ce. Ayar ƙisasi a Suratul Baƙara ita da kanta ta buɗe ƙofar afuwa da karɓar diyya, ta kira hakan sassauci da rahama daga Ubangiji. Kuma a Malikiyya afuwar waliyyai ba ta nufin mai laifi ya kama hanyar gida: wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda, saboda haƙƙin al'umma. Ke nan fiƙihu ya san hukunci na tsakiya, wanda ba kisa ba ne kuma ba saki ba ne, kuma ya san shugaba yana da hurumin ladabtarwa gwargwadon maslaha. Sai dai inda kisan ya zama na gila, wato a yaudari mutum ko a yi masa kwanton ɓauna a kashe shi don abin hannunsa, Malikiyya ba ta ba waliyyai damar yafewa ba, ta ɗauke shi a matsayin hiraba, wato fashi da makami. Ƙwacen waya da wuƙa ya fi kusa da wannan babi. Don haka duk wanda ya ce maka babu wani saɓani sam, daɗin baki yake yi maka.

Abin da ke rage kaifin saɓanin shi ne shubuha, wato rashin tabbas, kuma a Sakkwato shubuhar ba nemo ta ake yi ba, tana nan a fili: ba mu san shekarun 'ya'yanmu ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna yaran Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba, kuma jihar tana can ƙasan jerin jihohi. Wannan na yaran yanzu ne, balle waɗanda aka haifa shekara 15 da suka wuce a ƙauyukan Tangaza ko Rabah. Ka tambayi uwa shekarun ɗanta, sai ta ce an haife shi shekarar da ruwa ya ci gonaki, ko bayan babbar salla da wata biyu. Gaskiya ta faɗa, amma kotu lamba take nema.

Wannan giɓi ta kowane ɓangare ana cin moriyarsa. Mai bincike da ke son ya huta da wahalar neman iyaye da jami'in jin daɗin jama'a yana iya rubuta 19 a takarda, yaron ya bi layin manya. Ɗan mai hali kuma, ko da gemu ya fara fito masa, sai a je a yi rantsuwar shekaru a kotu a dawo da shi 16. Likita na iya duba haƙora da hoton ƙashin wuyan hannu, amma abin da zai bayar ƙiyasi ne mai kuskuren shekara ɗaya ko biyu ta kowane gefe, ga yaran da suka tashi cikin ƙarancin abinci ƙashinsu kan yi jinkirin ƙosawa. Idan rai na rataye a kan ko mutum ya cika 18 ko saura wata shida, kuma ba mai iya tabbatarwa, to alƙalin zamani da alƙalin Shari'a wuri ɗaya za su tsaya: ba a zubar da jini a kan zato.

An ga inda rashin kula da wannan ya kai. A Katsina, Babbar Kotu ta yanke wa wata matashiya hukuncin kisa a 2012 kan mutuwar mijinta, alhali lokacin da abin ya faru shekarunta 13. Sai da maganar ta kai kotun ECOWAS, wadda a 2014 ta ce an tauye mata haƙƙi. Shekarun da ta yi a ɗakin masu jiran igiya ba wanda zai mayar mata da su.

Mu ɗauka an wuce wannan mataki, an tabbatar yaro ne, an tabbatar shi ya yi. Ina za a kai shi? Dokar gidajen Bostal ta 1962 ta tanadi wuraren horar da matasa 'yan 16 zuwa 21, amma shekaru da yawa uku kawai ƙasar nan ta dogara da su: na Kaduna, na Ilorin da na Abeokuta. Na Kaduna ne mafi kusa da mu, kuma uwa daga Illela ko Gada da za ta je duba ɗanta can sai ta sayar da akuya. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali ta ce kada a haɗa yara da manya, ta kuma ce a gina irin waɗannan gidaje na maza da na mata a kowace jiha. Rubutawa daban, ginawa daban. Gidajen ajiye kangararrun yara na jihohi kuwa an yi su ne don yaron da ya yi sata ko ya gagari iyayensa, ba don wanda ya yi kisa kuma za a riƙe shi shekara bakwai ko goma ba.

Sai kuma hanyar da shari'ar ke bi. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraren kisa, amma nan ake fara kai wanda ake zargi don a samu izinin tsare shi, sannan a tura fayil ma'aikatar shari'a a jira shawara. A wannan jira ne shekaru ke narkewa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. Yaron da ya shiga yana ɗan 15 zai iya kai 20 kafin a kira shaida na farko. A tsawon lokacin nan malamansa su ne manyan 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da yake kwana da su a ɗaki ɗaya. Ya shiga da ilimin ƙwace waya, ya fito da lambobin mutanen daji. A ɓangaren mamaci kuma, shaidu sun gaji da zirga-zirga, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, wata rana sai a ga yaron a unguwa, babu wanda ya zo ya yi wa iyalan bayani. Daga irin wannan ne mutane suka koyi cewa in an kama ɓarawo a gama da shi a wurin, kuma wanda ake gamawa da shi a titi ba a tambayar shekarunsa, wani lokaci ma ba shi ne ya yi ba.

Shi kansa hukuncin "har gwamna ya ga dama" ɗaurin sai-baba-ta-gani ne. Wanda ke da mai tuna wa gwamna da shi zai fita a afuwar ranar 'yancin kai ko ta salla. Wanda ba shi da kowa zai tsufa a ciki, har ya fi babban da aka yanke wa shekara 15 daɗewa. Masu neman a rataye yaron kuma ya kamata su san cewa ko manyan da aka yanke wa kisa, sama da 3,000 ne ke zaune a gidajen yari, gwamnoni ba sa sa hannu. Rabon da a aiwatar da hukuncin a ƙasar nan tun 2016 a Edo.

Ba mu kaɗai ke wannan kokawa ba. A Ingila, inda ake iya gurfanar da yaro tun yana ɗan 10, wasu yara biyu 'yan shekara 10 sun kashe wani ƙaramin yaro a yankin Libaful a 1993. Aka tsare su har 2001, aka sake su da sabbin sunaye ƙarƙashin sa ido na har abada, ɗayansu ya sake komawa kurkuku, ɗayan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A Indiya, bayan fyaɗe da kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Delhi a 2012, ɗaya daga cikin masu laifin, ɗan 17, shekara uku kawai ya samu. Fushin jama'a ya sa aka sauya doka a 2015 don a iya yi wa 'yan 16 zuwa 18 shari'ar manya a kan munanan laifuffuka. Amurka ta bi hanyar da ta saɓa wa wannan: Kotun Ƙolinta ta haramta kashe wanda ya yi laifi kafin 18 a 2005, sannan a 2012 ta hana a wajabta musu ɗaurin rai-da-rai marar fita. Hujjar da ta yi tasiri a can ita ce binciken ƙwaƙwalwa, wanda ya nuna sashen gaban kai da ke taka wa mutum birki ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20, kuma matashi cikin abokansa ya fi saurin aikata abin da shi kaɗai ba zai yi ba. Kakanninmu ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, amma da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da suke nufi ke nan. Sai dai ɗanyen icce ma, in aka doka wa mutum shi a ka, kashewa yake yi, kuma wannan ne abin da masu kare yara kan yi saurin tsallakewa.

Akwai wani rukunin yara da ya fi na cikin gari wuyar sha'ani. A gabashin jihar nan, daga Isa zuwa Sabon Birni da Goronyo, mutanen da suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga suna yawan faɗin abu guda: masu gadinsu a daji yara ne, bindiga ta kusa fin su tsawo, kuma sau da yawa sun fi manyan rashin imani. Wasu an sato su ne, wasu an kashe iyayensu an kore shanunsu sun bi daji, wasu an fara da aikensu sayen burodi da fetur, aka mayar da su infoma, daga nan sai bindiga. Mutumin Sabon Birni da aka ƙone 'yan uwansa a cikin mota a Disambar 2021 ba zai saurari wa'azin cewa wanda ya kunna ashana yaro ne ba, kuma ba ni da bakin ce masa ya saurara. Amma hukuncin Halilu da na ambata a baya kamar don wannan aka rubuta shi: jinin yana kan wanda ya ba da umarni, irin su Bello Turji da masu kawo musu makamai. Dokar duniya ma haka ta tafi, ta mayar da sanya yaro ɗan ƙasa da 15 cikin yaƙi laifin yaƙi, kuma kotun manyan laifuffuka ta duniya da ke Hague ba ta gurfanar da wanda bai kai 18 ba lokacin laifin. Sai dai rangwamen yana da iyaka. Dominic Ongwen na Yuganda, wanda 'yan tawaye suka sace yana yaro ya girma ya zama kwamandansu, kotun ta ɗaure shi shekara 25 a 2021 saboda abin da ya aikata bayan ya girma. A 2022 gwamnatin tarayya ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙa'idar miƙa yaran da sojoji suka kama a fagen daga ga hukumomin farar hula. A Maiduguri akwai wurin karɓarsu saboda rikicin Boko Haram. Yaƙin namu na Arewa maso Yamma yana buƙatar irinsa, domin yaron da ya san in ya fito 'yan sa-kai za su yanka shi a bakin kasuwa ba zai ajiye bindiga ba.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a saki yaron Mabera ba, kuma shekara uku irin na Indiya raini ne ga ran ɗan kabu-kabun. A yanke masa wa'adi sananne mai nauyi, wanda iyalan mamaci za su ji a kunnensu a cikin kotu, a kuma ɗora wa alƙali, ba gwamna ba, alhakin sake duba shi bayan 'yan shekaru da rahoton waɗanda ke tare da shi. A bambanta wanda ya soka cikin kokawa da wanda ya shirya ya yi kwanto, a bambanta na farko da wanda ya saba. A tsare shi a cikin jihar nan inda uwarsa za ta iya zuwa, a wurin da ba ya haɗa ɗaki da manya, a cika masa yini da karatu da sana'a. Sakkwato ba ta rasa masu jima da dukawa da maƙera da za su koyar ba, kuma ba ta rasa malaman da za su zauna da shi su karanta masa girman ran da ya ɗauka. Waɗanda suka kai 18 a tsare kuma kada a kwashe su ranar a jefa cikin manya, a rushe abin da aka gina.

Amma ɓangaren da na fi ganin an yi wa sakaci shi ne na matar can. Final Kod ya ba alƙali damar sa mai laifi ya biya diyya ga wanda ya cutar, sai dai yaron da ya yi kisa a kan waya ba shi da ko takalmin kirki. Cikakkiyar diyya a fiƙihu raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kimanin kilo huɗu da kwata na zinari, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Babu dangin talaka da za su iya tara wannan ko da a shekara talatin ne. Shi ya sa ake sulhu a kan abin da ya samu, kuma shi ya sa malamai suka ce in mai laifi ba shi da aƙila, ko aƙilar ta gaza, baitulmali ne ke ɗauka. Wato hukumar da ta ce ba za a kashe yaro ba, ita ce aƙilar ƙarshe. Ba daidai ba ne gwamnati ta karɓi rabin hukuncin da ba ya cin kuɗi, ta bar rabin da ke ci.

Ana iya farawa da kaɗan. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda ta saba da rajistar marayu da zawarawa unguwa-unguwa, tana da hakimai da masu unguwanni da suka san baffannin kowane yaro da abin da kowannensu ke iya fitarwa. Kotu ta yanke abin da dangi za su riƙa biya duk wata, a ƙwace ribar mai sayen wayar sata da mai sayar da ƙwaya a zuba, gwamnati ta cika sauran daga wani asusu da doka ta kafa. Akwai haɗari a ciki, na sani: masu kuɗi za su so su mayar da shi hanyar sayen 'yancin 'ya'yansu, don haka biyan diyya kada ya rage ko kwana ɗaya daga wa'adin tsarewa. Akwai kuma dangin da za su ce sun daɗe da sallama yaron, ba ruwansu. Fiƙihu bai karɓi wannan uzuri daga aƙila ba, kuma mai unguwar da ya halarci sunan yaron ya san gidan da aka yanka ragon.

Matar ɗan kabu-kabun za ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma. Mai babur zai zo karɓar kayansa tun kafin nan, don saura biyan wata biyar. A lokacin, fayil ɗin yaron yana kan wani tebur ana jiran shawara, kuma a saman takardar an rubuta shekarunsa 19.